Ni Na Ambaci Zaƙami

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sau uku ina rubuta wannan shafin ina gogewa. Waɗanda suka saba karanta ni sun san yadda nake ba da labari ina wanke kaina tas, to yau babu sabulu. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, sunana Afra'u, 'yar Taura ce ni, ina ajin ƙarshe a jami'a a Dutse, ina karantar yadda sassan jikin ɗan adam ke aiki. Mahaifina Malam Barau, mu muna ce masa Baffa, tun kafin a haife ni yake ba magidanta karatun littattafai a zauren gidanmu. Gida ne da ko sunan sigari ba a ambata.

Sharhabilu ɗan Garki ne, ma'aikacin safiyo a Dutse, irin masu auna filayen nan da ke yawo da ƙarfe mai ƙafa uku. Dogo ne, baƙi, mai ɗan saje, ba ya sa komai sai shadda marar aiki, fara ko ruwan toka, da hula da yake turowa gaban goshi. Shekara ɗaya da wata biyar muna tare. Manyansa sun zo gaisuwa, Baffa ya amsa da hannu biyu, aka ce idan an kawar da amfanin gona sai a sa rana.

Wata takwas da suka wuce Allah ya yi wa mahaifiyarsa rasuwa. A mota ta cika, kanta a kan cinyarsa, suna hanyar kawo ta asibiti, ko rabin tafiya ba su yi ba. Tun daga ranar bai zubar da hawaye ba. Yana zuwa aiki, yana jam'i, yana zuwa zance, amma duk hirar da muka ɗauko sai ta kewayo wuri ɗaya: da ya fito da ita tun da safe, da bai tsaya neman mai ba, da ya ɗauki kiran Ruwaida, ƙanwarsa, tun na farko. Ya taɓa ce min tunaninsa ya zama akuyar da aka ɗaure a turke, ta cinye ciyawar da ke kewaye da ita tas, amma zagayen take yi. Na ce ya ga likita, ya ce ai ga Likitarsa nan. Haka yake kirana, Likita, alhali ko allura ban taɓa yi ba. Ni kuma, Allah ya yafe min, sunan nan daɗi yake min kamar me.

Binciken kammala digirina malamarmu Dakta Mahbuba ce ta zaɓa min: yadda wasu sinadarai masu sauya hankali, irin wanda ke cikin wata laimar kwaɗi ta ƙasashen waje, ke canza yadda sassan ƙwaƙwalwa ke magana da juna. Ban taɓa ganin abin da idona ba, takardun masu bincike kawai nake karantawa ina tattarawa. Amma karatun ya shiga raina. A cikin takardun akwai hoto guda biyu, da'ira da da'ira. Ta farko zare kaɗan ne a cikinta, kowane sashe yana hulɗa da 'yan uwansa na kusa. Ta biyu kuwa, bayan an ba mutum sinadarin, zare ne kala-kala ya sarƙe ko'ina kamar an kifar da kwandon mai saƙa.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar ina zaune a kan gadona a hostal, ruwa ya ɗauke kenan, ina sanye da doguwar rigar atamfa mai ruwan ganye, ina cin awara da yaji a leda, sai ga saƙonsa.

"Likita me ake yi?"

"Ana fasa ƙwaƙwalwa," na rubuta, na tura masa hoton nan.

"Wannan fa? Taswirar wane gari ce?"

Kun san mai ɗan ilimi idan ya samu mai saurare. Na goge hannuna a gefen zani, na danna wurin ɗaukar murya, na fara zuba. Na ce masa a ƙwaƙwalwa akwai wata ƙungiyar sassa da ke tashi aiki idan mutum ya zauna shiru, ita ke riƙe da "ni", ita ke tuno jiya tana ƙirga kuskure. Na ce mai baƙin ciki ita ce ke matse shi. Na ce idan aka ba mutum wannan sinadarin sai ƙungiyar ta sassauta, sassan da ba sa gaisawa su fara gaisawa, har wasu marasa lafiya su ce sun yi kukan da suka shekara ba su yi ba. Na ce, da bakina, magani ne da ke kwance turke.

 Sai ya rubuto, "Ana samunsa a nan?"

Na sake danna murya, ina dariya, bakina da sauran awara. "Ina fa. Mu nan sai dai zaƙami, shi ne namu na gida. Da ni ce kai ma da na gwada, ko akuyar nan ta samu ta tsinke."

Ku tsaya ku ji inda laifin yake, don ba a nan ya ƙare ba. Ranar Talatar wannan makon Dakta Mahbuba ta tsaya gaban allo ta ce mana kada wanda ya kuskura ya haɗa zaƙami da abin da muke karantawa. Ta ce shi guba ne, ba ya buɗe hanya, toshewa yake yi: ya busar da yawu, ya hana zufa, ya sa zuciya gudu, ya ɗauke wa mutum sanin inda yake, wani ya mutu. Ta ce su ma waɗancan a asibiti ake gwada su, da awo, likitoci a zaune a gefe, bayan an tantance wanda zai iya ɗauka. Da jan biro na rubuta wannan a littafina. Na sani sarai.

Sai ga saƙonsa na ƙarshe: "Da gaske zaƙami ma haka yake yi?"

Na gani. Na karanta. A daidai lokacin ƙawata ta leƙo ta ce in taso mu je wurin tela kafin ya rufe, ɗinkin leshina na sa rana ne. Na tura masa fuskar dariya guda uku, na ja mayafi na fita. A raina na ce ai ya san wasa nake. Ko kuma ban ce komai a raina ba, hankalina yana kan wuyan riga. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba.

Juma'a na tafi gida Taura. Asabar da hantsi muna tsakar gida ni da Umma muna tsinkar zogale a faranti, sai Gwaggo Gaji, ƙanwar Baffa, ta shigo ko sallamar kirki babu, mayafinta a kafaɗa, waya a hannu. Ta miƙa wa Umma, Umma ta kalla ta yi salati a hankali, ta kife wayar a cinya. Na sa hannu na ɗauka.

Bidiyo ne na bakin tashar mota a Dutse. Wani dogon mutum daga shi sai singileti da wandon shadda, babu takalmi, yana kama wani abu a iska yana sawa a aljihu. 'Yan adaidaita sun kewaye shi suna dariya. Yana magana da wani wanda babu, yana cewa, "Inna ki gyara kanki, mun kusa, mun kusa." Sai ya durƙusa yana lallaɓa ƙasa kamar mai gyara wa wani filo. Mai ɗaukar hoton yana cewa ga wani ya sha ta fi ƙarfinsa.

Zogalen da ke cinyata ya zube. Ban yi kuka ba. Abin da na fara yi, kuma wannan ne ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku, shi ne na shiga ɗaki na buɗe hirarmu na kai yatsa zan goge saƙon muryar nan. Mutumin da zan aura yana kwance a ƙasar tasha, ni kuma kaina nake nema wa mafita. Ban goge ba, amma ba don kirki ba ne, don na tuna ko na goge nawa nasa yana nan.

Da aka nuna wa Baffa sai ya ce ƙarya ne, yaron nan ba mashayi ba ne, ko dai ciwo ne ko shafar aljanu. Ya ɗauki carbinsa da gorar zamzam, ya ce in shirya in raka shi. Muka hau mota zuwa Dutse, tun daga Taura har muka sauka yana karatu a hankali, ni kuma ina kallon gero da ya fara fitar da kai ta taga.

A asibiti mun tarar an ɗaure hannayensa da bandeji a jikin gado don kada ya cire ruwan da ake ƙara masa. Leɓɓansa sun tsage, jikinsa zafi rau babu ɗigon zufa, baƙin idonsa ya buɗe ya cinye ko'ina. Ya kalle ni bai san ni ba. Ruwaida na zaune a kujerar roba cikin hijabi ruwan ƙasa, wayarsa a hannunta. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, na ɗauka tashin hankali ne.

Baffa na tsaka da tofa masa addu'a likita ya shigo. Ya yi bayani cikin girmamawa cewa maƙwabta sun samu kofi a ɗakinsa da 'ya'yan zaƙami a jiƙe, kuma alamun duk sun nuna shi ne. Ya ce Allah ya taimaka an kawo shi da wuri.  Baffa ya rufe gorar zamzam ɗin a hankali, ya ajiye wa Ruwaida a gefen gado, ya ce mu tafi. A hanyar dawowa bai yi karatu ba.

Kwana goman da suka biyo baya gidanmu ya zama gidan makoki marar gawa. Hoton ya zagaye Taura. Mata suna shigowa wai sun zo ɗebo wuta ko aron turmi, idonsu a kaina. Gwaggo Gaji kullum tana nan, tana cewa Allah ne ya tona asirinsa kafin a ɗaura, a mayar musu da kayan gaisuwarsu tun ana mutunci, 'yar malam ba za ta auri ɗan ƙwaya ba. Tana cewa tana shafa bayana, wai ni ce abar tausayi, an yaudare ni. Umma kuwa abinci take turo min ɗaki, tuwon gero da miyar kuka da man shanu, irin wanda ta san ina so. Ina ci ina jin kamar haram nake ci. Duk wanda ya ce min sannu sai in ji kamar ya watsa min ruwan zafi.

Shi kuma saƙo ɗaya ya turo bayan an sallame shi: "Ki yafe min kunyar da na jawo miki da gidanku." Na karanta ya fi sau hamsin. Na rubuta amsa na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na tura "Allah ya ƙara lafiya", kamar wata maƙwabciya.

Ranar Laraba bayan azahar ya zo Taura da ƙafarsa, shi kaɗai. Umma ta ce in kai ruwa zaure. Na tsaya a bayan ƙyaure da tire a hannu, na kasa shiga. Ta tsagar ƙofa na hango shi durƙushe a gefen buzun Baffa, shaddarsa ta yi masa yawa, ya cire baƙin tabarau ya riƙe a hannu yana runtse ido don har lokacin haske na damunsa. Ya ce bai zo neman a ci gaba da magana ba, ya zo ne ya nemi gafara. Ya ce bai taɓa shan komai ba a rayuwarsa, kuma bai tuna komai daga lokacin da ya ajiye kofin har ya farka a asibiti. Baffa ya tambaye shi me ya kai shi.

"Na ji an ce magani ne da ke kwance turke, Malam. Na gaji ne."

"Wa ya ce?"



"Ba kowa. A waya na gani. Wautata ce."

Na juya da ruwan na koma ciki. Umma ta tambaye ni, na ce sun ce sun ƙoshi.

Washegari da walha, bayan ɗaliban safe sun watse, Baffa ya aiko a kira ni. Na sa hijabina mai ruwan toka har ƙasa, na shiga na zauna a bakin tabarma. Littattafansa a jere a jikin bango, gilashinsa a kan Muwaɗɗa. Ya ce gobe zai aika Garki da kayansu, amma ba ya son ya yanke hukunci a kan abin da bai fahimta ba. Ya ce ai ni ƙwaƙwalwa nake karanta, in yi masa bayanin abin da irin waɗannan abubuwa ke yi wa hankalin mutum.

Na fara. Na ce Baffa ƙwaƙwalwa kamar ƙasa ce mai garuruwa, kowane gari da aikinsa, wannan na gani, wannan na ji, wannan na tunawa. Tsakaninsu akwai hanyoyi, kuma yau da gobe wasu hanyoyin sun zama titi, kowa nan yake bi, wasu kuma sun zama burtali da ciyawa ta rufe. Na ce masu bincike sun ga akwai sinadaran da idan an ba mutum, na ɗan lokaci manyan titunan sai su rage cunkoso, burtalolin su buɗe, garin da bai taɓa jin labarin wani ba ya ji. Shi ya sa mutum kan ga sauti kamar launi, ko ya ji iyakar da ke tsakaninsa da duniya ta narke. Na ce ana gwada ko hakan zai taimaki masu ciwon baƙin ciki, amma a asibiti, kuma har yanzu bincike ne, wasu ma cutar da su yake yi.

Ya gyaɗa kai. "Zaƙamin ma haka?"

"A'a Baffa. Shi gadoji yake karyawa. Saƙo ba ya isa inda aka aike shi, sai kowane gari ya kama ƙirƙirar nasa labarin."

"To wancan na asibitin, mai baƙin ciki me yake samu a ciki?"

Bakina ya riga hankalina. "Tunaninsa ne da ke zagaye wuri ɗaya, sai a samu ya kwance turke."

Baffa ya ɗago. Bai ɗaga murya ba, bai ma canza fuska ba. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake wa ɗalibi idan ya tsallake layi a karatu yana jira ya gane da kansa.

"Afra'u," ya ce, "mai auna fili a ina zai samo wannan maganar?"

Na so in ce ban sani ba. Wallahi har kalmar ta zo bakina. Sai na tuna shi durƙushe a daidai inda nake zaune, yana cewa ba kowa. Na zaro wayar daga cikin hijabi, na nemo hirar, na ajiye a gaban Baffa na danna.

Muryata ta cika zauren. Zauren da ake karanta hadisi. Ina jin kaina ina taunar awara, ina jin dariyata, ina jin "da ni ce kai ma da na gwada". Na so ƙasa ta tsage. Da ta ƙare Baffa ya sa gilashinsa, ya ja wayar kusa, ya karanta tambayar Sharhabilu ta ƙarshe da fuskokin dariya ukun da ke ƙarƙashinta. Ya tambaye ni ko a lokacin na san guba ne. Na ce na sani. Ya tambaye ni tun yaushe na gane maganata ce ta kai shi. Na ce tun ranar Asabar a tsakar gida.

"Kwana goma sha biyu," ya ce. "Ana zaginsa a gidana kina cin tuwo."

A nan kukan ya zo. Bai rarrashe ni ba, bai kuma ƙara faɗa ba. Ya ce na koyi ilimi ban koyi amanarsa ba, kuma wannan laifinsa ne shi da ya koya wa mutanen gari bai koya wa 'yarsa ba. Wannan ta fi min mari ciwo. Ya ce yaron ma yana da nasa laifin, babba ne mai hankali, amma an ɗora masa kaya na mutum biyu ya ɗauka bai ce komai ba. Sai ya miƙe ya ɗauki babbar rigarsa daga ƙusa.

"Je ki gaya wa uwarki da Gaji abin da kika gaya min. Sannan ki fito. Garki za mu, ki faɗa wa mahaifinsa da bakinki. Maganar aure kuma yanzu ba a hannunmu take ba. Su za su ce ko suna son ki."

Yadda na faɗa wa Umma ba zan iya rubutawa ba. Gwaggo Gaji dai ta zauna a kan turmi. Umma ta shiga ɗaki ta fito min da safa da baƙin takalmi, ta ajiye a gabana ba ta kalle ni ba.

A mota na zauna a baya, Baffa a gaba kusa da direba. Na ce bari in sanar da Sharhabilu kada mu faɗo masa kwatsam. Na rubuta, "Na gaya wa Baffa komai. Muna hanyar Garki." Saƙon ya shiga, aka buɗe nan take, aka fara rubutu.  Amsar ta zo.

"Ba shi ba ne, Ruwaida ce, wayar tana hannuna. Tun a asibiti na saurari muryarki, ranar da kika gaishe ni. Yaya ya sa na rantse ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba. Kullum ina ƙirga kwanakin da za ki ɗauka. Ku ƙaraso, Abba yana gida."